Ɗan Abin da ke Bakin Dish Ɗinka: Yaƙin da Injiniyoyi ke Yi da Hayaniya

Idan akwai dish a gidanku, ko ka saba zuwa gidan kallon ƙwallo, wata rana ka tsaya ka dube shi da kyau. Za ka ga faifan ƙarfe, da sandar da ta miƙo daga ƙasansa, sannan a bakin sandar akwai wani ɗan abu mai kama da tocila yana kallon tsakiyar faifan. Masu haɗa dish suna kiransa LNB. Yawancinmu ba ma tunawa da shi sai ranar da hoto ya fara yankewa, mai gyara ya ce sai an canja shi. To amma me ya sa aka bar shi a waje, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, alhali ga dikoda can a ɗaki cikin inuwa? Me ya hana a zuba kayan cikinsa a dikodar kowa ya huta?

Dalilin shi ne a cikinsa akwai wata amfilifaya ta musamman da masana ke kira LNA, wato amfilifaya mai ƙarancin hayaniya. Akwai irinta a wayar da ke hannunka, da na'urar auna bugun zuciya a asibiti, da manyan eriyoyin da ake nazarin taurari da su. Ita ce ke fara karɓar sigina, kuma duk ɓarnar da ta yi babu wanda zai iya gyara ta daga baya. Bari mu bi abin a hankali ka ga dalili.

Raɗa daga nesa

Tauraron ɗan'adam da dish ɗinka ke kallo yana tsayin kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Kafin siginarsa ta iso rufin gidanku ta riga ta baje a kan yanki mai faɗin ƙasashe, abin da faifanka ke tarawa ɗan mitsitsi ne. Na GPS ma sun fi ban mamaki. Suna tsayin kusan kilomita 20,200, kuma ƙarfin da ke shiga eriyar wayarka daga kowannensu, sai ka raba watt ɗaya gida miliyan, ka ɗauki kashi ɗaya ka sake raba shi gida biliyan 10, sannan ka zo kusa da shi.

Kana iya cewa ai da sauƙi, a ƙara mata ƙarfi mana. Ƙara ƙarfi ba shi ne wahalar ba. Idan aka jera amfilifaya uku ko huɗu za su ninka sigina sau miliyan. Matsalar guda biyu ce. Amfilifaya ba ta san bambancin sigina da hayaniya ba, duk abin da ya shigo ninka shi take yi. Sannan ita ma tana zuba tata hayaniyar a ciki. Duk wanda ya taɓa kama tasha a gajeren zango ya san wannan: in tashar ta yi nisa, kana ƙara murya, "shuuu" ɗin ma yana ƙaruwa. Hayaniya in ta shiga sigina kamar gishiri ne a miya, ba ya tsamuwa.

Ina hayaniyar take fitowa?

Hayaniyar da muke magana ba ta janareta ko ta tsawa ba ce. Daga cikin kayan lantarkin kansu take tasowa, kuma iri uku ne suka fi damun injiniyoyi.

Ta farko ita ce hayaniyar zafi. Ƙwayoyin elektron da ke cikin kowace waya ko rezista ba sa zama wuri ɗaya, zafi na sa su kai-komo ba tsari, wannan motsin kuma yana haifar da ɗan boltej mai rawa ko da ba a jona batir ba. John B. Johnson ne ya auna ta a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, abokin aikinsa Harry Nyquist ya fito da lissafinta, duka aka wallafa a 1928. Abubuwa uku ke ƙara ta: zafi, da girman rezista, da faɗin zangon da kake saurare. Misali, rezista mai ohm 1,000 a zafin ɗaki, in ka saurare ta a iya zangon da kunnen mutum ke ji, wato har zuwa haz 20,000, tana fitar da hayaniyar da ta ɗan haura rabin maikurobolt. Maikurobolt kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Kaɗan ne, amma siginar GPS da muka ambata ta gaza hayaniyar zafin da ke zangonta da kusan ninki ɗari. Sai da dabarar lissafi wayarka ke tono ta.

Ta biyu ita ce hayaniyar yayyafi. Wutar lantarki ba kamar mai take kwarara sumul ba, ƙwayoyi ne ɗai-ɗai ke wucewa. Ka tuna ƙarar yayyafi a rufin kwano: ɗigon ba sa sauka a jere. Haka elektron ke yi idan suna tsallake shinge a cikin tiransista. Bajamushe Walter Schottky ne ya bayyana wannan a 1918. Gwargwadon yawan wutar da ke wucewa, gwargwadon ƙarfin wannan hayaniya.

Ta uku ita ce hayaniyar ƙyaftawa, wadda masana ke rubutawa 1/f. Halinta shi ne tana da ƙarfi a siginar da ke kaɗawa a hankali, tana raguwa idan kaɗawar ta yi sauri. Babban tushenta wasu 'yan tarkuna ne a jikin tiransista da ke cafke elektron, su riƙe shi ɗan lokaci, su sake shi.

Lissafin Friis: na gaba shi ke da laifi

A 1944 wani injiniyan Bell Labs haifaffen ƙasar Denmak, Harald Friis, ya fito da ma'aunin da har yau ake aiki da shi. Ma'aunin yana gaya maka sau nawa na'ura ta ɓata tsabtar siginar da ta shige ta. Na'urar da ba ta ƙara komai ba makinta 1 ne, wato desibel 0. Wadda ta ninka hayaniya sau biyu makinta 2, wato desibel 3. Friis ya kuma nuna cewa idan aka jera na'urori, hayaniyar ta farko tana shiga gaba ɗayanta, amma ta biyu sai an raba ta da ƙarfin da ta farko ta ƙara.

Bari mu sa lambobi. Ka ɗauka kana da amfilifaya mai maki 1.26, wato desibel 1, mai ninka sigina sau 100. Kana kuma da doguwar waya da ke cinye kashi uku cikin huɗu na ƙarfin sigina, wadda a wannan ma'auni makinta 4. In ka sa amfilifayar a bakin eriya, wayar ta biyo baya, jimillar makin 1.29 ne, kusan kamar babu wayar. In kuwa ka juya, waya a gaba, amfilifaya a ɗaki, jimillar ta zama 5.04, wato desibel 7. Kaya iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya, amma tsabtar sigina ta lalace kusan ninki huɗu saboda jeri kawai.

Ka ga amsar tambayarmu kenan. An bar LNB a rana ne don ta kama siginar tun kafin waya ta taɓa ta. Bayan ta ƙara mata ƙarfi, sai ta sauko da ita daga gigahaz 10.7 zuwa 12.75 da ƙananan dish ke kamawa, ta mai da ita megahaz 950 zuwa 2,150, domin waya ta fi cinye sigina mai saurin kaɗawa.

Wace tiransista za a sa a gaba?

Tunda komai ya rataya a wuyan amfilifayar farko, ita kuma a wuyan tiransistarta ta farko, zaɓen wannan tiransista shi ne babban hukuncin da mai zana da'ira zai yanke. Ka ɗauki tiransista kamar famfo mai ƙafa uku: ƙafa biyu su ne hanyar da babbar wuta ke bi, ta ukun ita ce ƙafar umarni, inda 'yar siginarka ke murɗa kan famfon. Kowace tiransista tana da hayaniya iri biyu a wannan ƙafa, ta boltej da ta kwararar wuta. Wadda za ta fi cutar da kai ta danganta da abin da ka jona mata.

BJT ita ce tsohuwar hannu, 'yar gidan tiransistar da aka ƙirƙira a Bell Labs a 1947. Ƙarfinta shi ne da wuta kaɗan take ba da ninki mai yawa, shi ya sa hayaniyar boltej ɗinta ke da ƙaranci. Rauninta kuma ƙafar umarninta na shan wuta. In kana tura miliamfiya 1 ta babbar hanya, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na bi ta ƙafar umarni, wannan 'yar wutar kuma tana ɗauke da hayaniyar yayyafi da ke bi ta cikin abin da ka jona. Idan makirfon masallaci ne irin mai naɗin waya da maganaɗisu, mai ohm 200, hayaniyar da hakan ke haifarwa ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na wadda makirfon kansa ke yi ba, babu damuwa. In kuwa abin da ka jona mai ohm miliyan ɗaya ne, za ta kai wajen maikurobolt 250, alhali tasa hayaniyar zafin 18 ce kacal. Tiransistar ta ninka ɓarnar kusan sau 14. Akwai kuma wani ciniki a nan: ka ƙara wa BJT wuta, hayaniyar boltej ta ragu, ta kwarara ta ƙaru. Taura biyu ba ta taunuwa, dole injiniya ya nemo tsakiyar da ta dace da abin da ke gabansa.

JFET ita ce maganin wancan rauni. Ƙafar umarninta kusan ba ta shan komai, sai ɗan yoyo da ya gaza na BJT da ninki dubbai ko ma miliyoyi. Shi ya sa in ka fasa ɗan makirfon nan mai kama da maɓalli da ke cikin tsofaffin rikoda da wasu iyafis, za ka tarar da JFET a ciki. Irin wannan makirfo, wanda Gerhard Sessler da James West suka ƙirƙira a 1962, wutar da yake iya bayarwa ba ta taka kara ta karya ba, BJT za ta shanye ta.

MOSFET kuwa Mohamed Atalla, haifaffen Masar, da Dawon Kahng, haifaffen Koriya, suka ƙera ta a 1959. Ita ma ƙafar umarninta ba ta shan wuta, domin an raba ta da hanyar da wani siririn bango mai kama da gilashi. Sai dai a jikin wannan bangon elektron ke gogawa suna wucewa, a nan ne kuma tarkunan da muka ambata suka fi yawa. Saboda haka ta fi sauran hayaniyar ƙyaftawa nesa ba kusa ba. To me ya sa ita ta mamaye duniya? Araha da ƙanƙanta. Da fasahar CMOS ana zuba biliyoyinta a kan cif ɗaya, rediyo da ƙwaƙwalwar lissafi duk wuri guda. Sannan a saurin gigahaz da waya ke aiki, hayaniyar ƙyaftawa ta riga ta yi sanyi.

HEMT ita ce ke cikin LNB ɗinka. Takashi Mimura na kamfanin Fujitsu a Japan ya fito da tunaninta a 1979. A tiransista ta yau da kullum ana barbaɗa wasu baƙin ƙwayoyi a cikin sinadarin don su samar da elektron, amma kuma su ne elektron ke karo da su a hanya. Mimura ya shimfiɗa sinadarai biyu, ɗaya kan ɗaya, baƙin ƙwayoyin a sama, elektron ɗin su gangaro wani siririn layi mai tsabta a ƙasa. Kamar a kwashe masu kasa kaya daga kan titi ne a bar wa motoci. Sakamakon shi ne gudu mai yawa da hayaniya kaɗan a gigahaz 12. Shigowarta kasuwa a ƙarshen shekarun 1980 na cikin dalilan da suka sa dish ya ƙanƙance har ya hau katangar talaka.

Ka lura, ba mu ce ga wadda ta fi kowa ba. Tambayar da injiniya ke fara yi ita ce: me zan jona, kuma da wane sauri yake kaɗawa?

Dabarun cikin cif

Sau da yawa mai zana cif ba shi da zaɓi. Masana'anta ta ce CMOS take yi, shi ke nan, da MOSFET zai yi aiki. A nan dabara ke shigowa.

Ɗauki na'urar auna bugun zuciya. Siginar da ake ɗauka a fatar ƙirji kusan milibolt 1 ce, ta ƙwaƙwalwa ma maikurobolt gomomi ce kawai, kuma duka a hankali suke kaɗawa, daidai inda hayaniyar ƙyaftawa ta fi ƙarfi. Mataki na farko shi ne a faɗaɗa tiransistar gaba. In tana da faɗi, ɓarnar tarko ɗaya ba ta tasiri, ta wannan tana kashe ta wancan. Na biyu shi ne dabarar juyi: kafin sigina ta shiga amfilifaya, wasu makunnai na juya ƙafafunta sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, sai ta koma mai saurin kaɗawa, ta wuce ta inda babu ƙyaftawa. A bakin fita a sake juya ta ta dawo yadda take. Wannan juyi na biyu kuma shi ke jefa hayaniyar amfilifayar can sama, inda matata za ta tsame ta.

A ɓangaren rediyo matsalar daban ce. Eriya na son abin da ke gabanta ya kasance ohm 50, in ba haka ba wani kaso na siginar ya koma baya. Hanya mafi sauƙi ita ce a dasa rezista mai ohm 50 a bakin amfilifaya. Amma ai rezista hayaniyar zafi gare ta, tun kafin tiransista ta yi nata ka riga ka yi asarar desibel 3. Mafitar ita ce a sa ɗan naɗin waya a ƙafar tiransista ta ƙasa. Haɗuwarsa da halin tiransistar na sa eriya ta ga kamar akwai ohm 50 a wurin, alhali babu rezistar da za ta yi hayaniya. Derek Shaeffer da Thomas Lee na Jami'ar Stanford sun wallafa nazari a kan wannan tsari a 1997, inda suka gina LNA ta CMOS mai aiki a gigahaz 1.5 domin GPS. Har yau ana koyar da ɗalibai wannan tsari.

Kowace dabara da kuɗinta. Ƙarin wuta na rage hayaniya amma yana shanye batirin wayarka. Ƙarin ninki na danne hayaniyar na'urorin baya, kamar yadda Friis ya nuna, amma in ka zo kusa da wata eriya mai watsa sigina da ƙarfi sai amfilifayar ta cika ta tumbatsa, 'yar siginar da kake nema ta ɓace. Aikin injiniya a nan ciniki ne tsakanin hayaniya, da batir, da juriya, da farashi.

Idan kuɗi ba matsala ba ne: sanyi

Tunda zafi ne tushen hayaniya ta farko, masu nazarin sararin samaniya sukan daskarar da amfilifayarsu. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson na aiki da wata eriya a Holmdel, jihar New Jersey, da amfilifayar da aka sanyaya da ruwan hiliyom zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Sun lissafa hayaniyar kowane sashe na na'urarsu, amma sai ga wata 'yar ragowa, daidai da zafin Kelbin 3.5, ta ƙi tafiya duk inda suka juya eriyar. Har kashin tantabarun da suka yi sheƙa a ciki suka goge, tana nan. Ashe haske ne da ya rage tun farkon samuwar sararin samaniya, binciken da ya ba su kyautar Nobel a 1978. Da amfilifayarsu mai surutu ce, da ba su ma lura da shi ba.

Haka kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977. Yanzu ya haura nisan kilomita biliyan 24, kuma ƙarfin na'urar watsa siginarsa bai wuce watt 23 ba, kamar ƙwan fitila. Ana jin sa ne da dish masu faɗin mita 70 a Amurka da Sifen da Ostireliya, kowanne da daskararriyar amfilifaya a bakinsa.

Komawa rufin gidanku

Me wannan zai amfane ka da shi? Na farko, in hoton talabijin mai eriya na yankewa aka ce ka sayi busta, ka tambayi inda za a sa ta. A saman sanda kusa da eriya take da amfani. A bayan talabijin, bayan doguwar waya ta gama cinye siginar, hayaniya kawai za ta ninka maka. Na biyu, duk wani tsatsa ko ruwa ko sakakken haɗi da ke gaban amfilifayar farko asara ce kai tsaye, don haka fasasshen murfin LNB ba ƙaramin abu ba ne. Na uku, in ka ga an rubuta 0.1 dB a kwalin LNB, kada lambar ta ruɗe ka. Desibel 0.1 daidai yake da hayaniyar Kelbin 7, matakin da sai irin daskararrun na'urorin can ke kaiwa. Saitin dish da kyau da ɗan ƙarin faɗin faifai sun fi wannan lamba yi maka aiki.

Da damina kuma, in hadari ya haɗu hoto ya ɗauke ana tsakiyar wasa, ka san abu biyu ne suka faru lokaci ɗaya. Ɗigon ruwa sun shanye wani kaso na siginar, sannan su kansu, da yake suna da ɗumi, sun ƙara hayaniyar da dish ke ji daga sama. Tiransistar da ke bakin sandar tana nan tana aikinta, raɗar ce ta nutse. Kada ka zagi mai gyara, ka ɗan jira ruwan ya tsagaita.